Karo na huɗu a masauki ɗaya a bakin teku: me kuma za a yi?

Maman Yara:
Salamu alaikum jama'a. Hutun bana ma masaukin nan na bakin teku za mu koma, karo na huɗu ke nan, na kwana 7. Yara biyu ne, ɗan shekara 13 da 'yar shekara 9. Wurin iyo, zaman kan yashi da yawon jirgin ruwa na rabin yini duk an yi su har an gaji. Canza masauki ba zai yiwu ba. Masu sani, me za a ƙara wanda ba maimaici ba?

Ɗan Gaɓa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki nemi sabon wuri, nemi jadawalin cika da janyewar ruwa na gaɓar. Yana intanet, kuma masu gadin bakin ruwa kan manna shi a allo. Yawancin baƙi suna fitowa ne tsakanin hantsi da la'asar kullum, shi ya sa abu ɗaya suke ta gani.

A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka lokacin janyewar na jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Idan ranar farko ya janye da ƙarfe 7 na safe, ranar bakwai sai wajen 12 na rana. Janyewa mafi nisa tana zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan duhun wata, da kuma bayan daren sha huɗu. A ranakun nan duwatsun da ke nutse duk mako suke fitowa, da ramukan ruwa a tsakaninsu cike da ƙaguwa, jatan lande, ƙananan kifaye da katantanwa. Yarinyar ki za ta iya shafe awa biyu a rami guda.

A fita awa ɗaya da rabi kafin lokacin janyewar da jadawali ya nuna, a riƙa bin ruwan yana ja baya. A sa takalmin roba mai rufe yatsu, silifa na zamewa a kan gansakuka. Bokiti ƙarami mai ruwan teku ya isa. A duba abin da aka kama a mayar da shi cikin minti kaɗan, domin ruwan bokiti na saurin ɗumi iskarsa ta ƙare. Duk dutsen da aka ɗaga a kife shi yadda aka same shi, in ba haka ba rana ta kashe abin da ke manne a ƙarƙashinsa.

Inda ake samun matsala shi ne dawowa. Ruwan ba ya hawa daidai wa daida: a awa ta farko kamar ba ya motsi, amma rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa, kuma yana fara cike kwaruruwan da ke bayanku kafin ya iso inda kuke tsaye. A saita ƙararrawar waya a kan lokacin janyewar, tana bugawa a juyo.

Matafiyiya:
Malam Ɗan Gaɓa, shawarar ka mai kyau ce amma ba ko'ina take aiki ba. A mafi yawan gaɓar Bahar Rum bambancin cika da janyewa bai kai rabin mita ba, babu wani fili da zai buɗe. Idan irin wannan wuri ne, Maman Yara, kallon ƙarƙashin ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi ya fi.

Wajen zaɓen gilashin, a ɗora shi a fuska ba tare da an sa madaurin ba, a ja numfashi ta hanci. Idan ya manne, ya yi. Idan ya faɗo, zai yi yoyo komai ɗaurin da aka yi masa. Tamke madauri da ƙarfi ma ƙara yoyo yake, saboda yana lanƙwasa robar. Silin gashi guda a ƙarƙashin robar ya isa ya shigo da ruwa. Don kada ya yi hazo, a ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun wankin kai na jarirai a ciki, a shafa, a ɗauraye sama-sama. Yara su fara koyo a wurin iyo na masauki kwana ɗaya, sannan a teku inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da rigar hana nutsewa.

Da sassafe ake shiga. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, to da rana ta ɗaga iska ke tasowa daga teku, ta tada yashi ruwan ya gurɓace. Kifi kuma a gefen duwatsu yake, tsakiyar yashi ba abin gani. A sa riga mai dogon hannu, don mai kallon ƙasa bayansa da ƙeyarsa da bayan gwiwa ne ke shan rana bai sani ba.

Babban zai iya gwada nutso da tukunyar iska tare da malami. Yawancin makarantun nutso daga shekara 10 suke karɓa, kuma ba a wuce mita 12 a gwajin farko. Kada a bar shi zuwa ranar ƙarshe idan jirgin sama za ku hau: ana son aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an yi fiye da ɗaya.

Mai Kwalekwale:
Na ƙara da hayar kwalekwale na awa ɗaya ko biyu, gaɓar da aka saba gani daga kan yashi daban take daga cikin ruwa. A fara tuƙi ana fuskantar iska, a dawo tana bayanku, lokacin hannu ya gaji. Idan iska daga tudu take busawa zuwa teku, a haƙura ranar. Ruwan bakin gaɓa zai yi lumui kamar ba komai, alhali tura ku take ciki.

Sai dare. A daren da babu farin wata, a nisanci fitilun masauki, a kashe waya minti 20 ido ya saba da duhu. A wasu gaɓoɓi, musamman lokacin zafi, idan aka motsa ruwa da hannu sai ya yi walƙiya shuɗiya. Wasu halittu ne 'yan mitsi-mitsi ke ba da hasken in an taɓa su. Ba kullum ake dacewa ba, a tambayi masunta.

Maman Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaɓar tamu ruwa na janyewa sosai. Amma can gefen duwatsu babu masu gadi, ta yaya zan gane inda bai kamata yara su shiga ba?

Ɗan Gaɓa:
Hau wuri mai tudu ki kalli ruwan minti biyar, Hajiya. Idan igiyoyi na fashewa dama da hagu amma akwai wani zirin a tsakiya da ya yi duhu ya kwanta, ko kumfa da ciyawa na bin sa zuwa ciki, nan ruwan ke komawa teku da ƙarfi. Ya fi yawa a jikin duwatsu da gadojin jirage, kuma kwanciyar tasa ce ke ruɗar mutane su shiga. Wanda ya faɗa kada ya yi kokawa da shi zuwa gaɓa; ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a kaikaice, a layin gaɓa, har ya fita daga zirin. A gefen duwatsun yara su tsaya a ramuka kawai, iyo kuwa sai tsakanin tutocin masu gadi.