Masu sharhi ne suka zalunci Beethoven, ko makaɗa?

Mai Goge: Jama'a, ina nan kan bakana: masu sharhi sun zalunci Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan ɗan ƙasar Jamus. Ranar 21 ga Maris 1826 aka fara kaɗa kiɗansa na goge huɗu mai lamba 130 a Biyana, babban birnin Austriya, sai jaridar kiɗa ta birnin Leipzig na Jamus ta ce sashen ƙarshe ba ya fahimtuwa, kamar Sinanci. Wannan sashe, Grosse Fuge, shi ne yau masana ke sara wa.

Ɗalibar Tarihi: Yaya, ka ji shi sau nawa kafin ya shige ka? Ni sai a na biyar. Mai sharhin jaridar da ke Biyana sau ɗaya ya ji, babu faifai balle ya maimaita, kuma bayan sassa biyar aka kawo masa wajen minti 15 na goge huɗu suna rige-rige. Abin da kunnensa ya ji ya faɗa.

Mai Goge: Ƙanwata, ai aikinsa ke nan. Wanda aka ba alƙalami ya kamata ya fi 'yan kallo haƙuri.

Malamin Kiɗa: Ku duba makaɗan tukuna. A Maris 1825 ƙungiyar mai goge Schuppanzigh ta kaɗa kiɗansa mai lamba 127, abin bai yi armashi ba, domin takardun kiɗan sun zo musu a ƙurarren lokaci. Aka ba wani mai goge, Joseph Böhm. Shi da kansa ya ba da labarin atisayen: Beethoven ba ya ji ko kaɗan, ya raɓe a lungu yana bin sandunan goge da ido, da an kauce ya gane. Da aka sake kaɗawa, jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Kiɗa ɗaya ne, hannu ne ya sauya.

Ɗalibar Tarihi: Madalla, Malam. Kuma a daren 1826 ɗin ba a ƙi kiɗan gaba ɗaya ba, sassa biyu na tsakiya har sai da aka nemi a maimaita.

Mai Goge: To me ya sa aka cire na ƙarshen? Maɗaba'ar Artaria ce ta nemi wani mai sauƙi, ta turo Karl Holz, ɗaya daga cikin makaɗan, ya lallashi Beethoven. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Malamin Kiɗa: Ɗana, Beethoven ba mutumin da ake juyawa ba ne. Ya yarda, aka biya shi daban, ya rubuta sabon a ƙarshen 1826, aka buga tsohon shi kaɗai da lamba 133. Bai watsar da shi ba.

Mai Goge: Na yarda da batun makaɗa, Malam, amma ban wanke jaridar ba. Sai 1845 aka kaɗa jerin dukkan kiɗansa na goge huɗu daga farko zuwa ƙarshe a Landan, shekara 18 bayan rasuwarsa.

Ɗalibar Tarihi: A can kuma masu sauraro da takardun kiɗan a hannu suke zama, Yaya, suna bi layi-layi. Mai sharhin Biyana bai samu wannan ba, domin a lokacin ba a ma buga su ba.