Muhawara: Shin koiloba ya cancanci a sa wa motar gudu da ba ta barin titi?

Mai buɗe magana: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wani abokina ya kafe a kan cewa duk mai mota mai ƙarfi da bai sa mata koiloba ba, bai ɗanɗani motarsa ba tukuna, ni kuwa ina shakkar wannan zance. Ga wanda bai saba da kalmar ba, koiloba shokozoba ne da aka zura sifirin a jikinsa, jikin kuma yana da zare irin na noti, ta yadda za a murɗa mazaunin sifirin a ɗaga motar ko a sauke ta. Motata kullum a kan titi take, ban taɓa shiga filin tsere da ita ba. Canjin zai amfane ni, ko ado ne kawai?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Na kwance ƙafafun motoci da yawa, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya sayi koiloba mai araha, ya sauke motar har ta kusa shafar ƙasa, bayan wata biyu ya dawo yana kukan cewa bayansa na ciwo kuma tayoyin gaba sun cinye ta ciki. Dalilin a fili yake. Idan ka rage tsayin mota ka rage tazarar da shokozoba zai yi tafiya a cikinta, don haka dole a ƙara taurin sifirin, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa dukan robar tsayawa a kowane rami. Ƙafa mai tauri a kan titi mai gargada tsalle take yi, taya da ke sama kuwa ba ta riƙe komai, ko a kwana ko a birki.

Mai zuwa filin tsere: Baba, da girmanka, amma laifin kaya marasa kyau da mugun saiti ka ɗora wa koiloba gaba ɗaya. Porsche 911 GT3 daga masana'anta take fitowa da ƙafafun da ake saita tsayinsu, kuma ba wanda zai ce injiniyoyin Porsche ado suke nema. Kamfanoni irin su KW da Öhlins da Bilstein suna yin samfuran da aka tsara don titi. KW V3, alal misali, yana ba ka damar saita ƙarfin matsewa daban da na dawowa, wanda ke nufin za ka iya rage kwanciyar da mota ke yi a kwana ba tare da ka mayar da ita amalanke ba. Ni da na sa irin wannan, motar ta fi natsuwa a babbar hanya fiye da yadda take a da.

Tsohon bakanike: Shokozobanka na da, shekara nawa suka yi kafin ka cire su? Yawancin masu yabon koiloba suna kwatanta sabon kaya ne da tsohon da ya riga ya zubar da mai, kuma ko na asali ka sa sabo za ka ji motar ta canja.

Injiniya: Tambayar Baba ta kama jijiyar maganar, sai dai zan ƙara abin da ba a cika faɗa ba. Sauke mota yana rage tsayin cibiyar nauyinta, wannan gaskiya ne, amma a motocin da ke da ƙafar gaba irin ta MacPherson, wato wadda shokozoba ne da kansa yake riƙe taya ta sama, idan aka wuce gona da iri hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota ta ƙasa, yana karkata sama ta wajen taya, cibiyar tangaɗi, wato wurin da jikin mota ke juyawa a kansa idan ta kwanta gefe, ta faɗi fiye da yadda cibiyar nauyi ta faɗi, sai motar ta ƙara son kwanciya a kwana maimakon ta rage. Haka kuma sandar sitiyari tana barin kusurwar da aka tsara mata, har taya ta riƙa juyawa da kanta idan ta hau tudu. Shi ya sa sauke milimita 20 zuwa 30 ya bambanta ƙwarai da sauke 60. Babbar fa'idar koiloba a wurina ita ce daidaita nauyi a kan tayoyi huɗu, inda ake ɗora motar a kan sikeli huɗu da direba a ciki, a murɗa kowace ƙafa har nauyin taya ta gaba dama da ta baya hagu ya zo daidai da na sauran biyun. Mutum nawa ne cikin masu saye suke yin wannan aiki? Da yawa ko alaimen ba sa yi bayan an ɗaura.

Mai zuwa filin tsere: Malam Injiniya, ka yarda ke nan cewa fa'idar tana nan, sakacin masu saye ne matsalar.

Injiniya: Na yarda tana nan, amma a filin tsere ake cin moriyarta, inda ake maimaita kwana ɗaya sau da yawa ana duba agogo. A titi, da gudun da doka ta yarda da shi, da wuya direba ya gane bambancin.

Wata direba: Ina so in kawo abin da ku maza kuka tsallake, wato ɗawainiya bayan saye. Zaren jikin koiloba yana tara ƙura da laka, a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi kuma yana tsatsa har mazaunin ya ƙi murɗuwa, abin da ya sa KW ke yin wasu nasa da ƙarfen da ba ya tsatsa. Masu tsada suna buƙatar a kwance su a sabunta mai da robobi lokaci zuwa lokaci. A Jamus sai an sami amincewar masu binciken mota irin su TÜV, a Birtaniya kuma dole ka sanar da kamfanin inshora. Motar da ta zo da shokozoba mai sarrafa kansa da lantarki, kamar MagneRide da ya fara fitowa a Cadillac Seville STS a 2002, idan ka cire shi ka sa na hannu ka yi asarar abin da ka riga ka biya, kuma fitilar gargaɗi za ta kunna sai an sa abin da zai rufe ta.

Tsohon bakanike: Madalla, 'yata. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya fara da tayoyi masu kyau, ya canja bushin da suka gaji, ya yi alaimen, sannan idan shokozoban sun tsufa ya sa irin Bilstein B6 da ke aiki da sifirin na asali. Idan yana son motar ta ɗan sauka, B8 da gajeren sifirin sun wadatar.

Mai zuwa filin tsere: Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, Baba, domin gajeren sifirin tsayi ɗaya yake ba ka, idan bai yi maka ba sai ka sake saye, alhali koiloba da sifana kawai za ka gyara.

Mai buɗe magana: Na gode muku duka. Na duba yanzu, shokozoban motata na asali ne tun fitowarta, tayoyin baya kuma ba iri ɗaya ba ne da na gaba. Zan fara da waɗannan biyun, in tuƙa ta wata uku, sannan in dawo mu ci gaba da gardamar da ɗan'uwana mai zuwa filin tsere.