Shin Girka Spark Kai Tsaye a Kwamfuta Ɓata Lokaci Ne?

Injiniya: Ra'ayina shi ne, wanda yake girka Apache Spark, manhajar sarrafa tarin bayanai masu yawa, kai tsaye a kwamfutarsa yana sayen wahala da kuɗinsa, domin yawancin matsalolin da ke tare shi ba daga Spark suke ba, daga abubuwan da ke kewaye da shi suke. Spark 4.0 yana bukatar Java 17 ko 21, wanda kuwa yake da tsohuwar Java 8 zai ga UnsupportedClassVersionError tun bai karanta layi ɗaya na bayanai ba. A Windows sai mutum ya nemo winutils.exe ya kuma saita HADOOP_HOME kafin ya iya rubuta fayil. Docker kuwa, wanda yake gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓen akwati tare da duk abin da take bukata, yana kawo komai a haɗe, kowane sashe da sigar da ta dace da shi.

Malama: Injiniya, na yarda da kai a batun saɓanin siga, amma ban yarda Docker ya raba gardama ba, tunda matsalar da ta fi cin lokacin masu koyo, wato ƙarewar ma'adana (memory), tana bin mutum har cikin Docker. Idan Spark yana aiki a kwamfuta ɗaya, mai ba da umarni (driver, sashen da ke raba aiki) da masu aiwatarwa (executors, sassan da ke yin aikin) duk a cikin injin Java guda suke, saboda haka ƙara spark.executor.memory ba ya tsinana komai. Abin da za a ƙara shi ne spark.driver.memory, wanda aka bari a gigabait 1, kuma dole a saita shi kafin injin ya tashi, in ba haka ba Spark zai yi biris da shi. Wanda bai san wannan ba, ya kuma kira collect, mai tattaro dukan bayanai zuwa mai ba da umarni, a kan babban teburi, zai ga OutOfMemoryError ko da a ina ya girka.

Ɗalibi: Malama, ina neman ƙarin haske. Saƙon da nake samu yana cewa Python ɗin mai aiwatarwa ya bambanta da na mai ba da umarni, kuma layin da yake nunawa na show ne, umarnin nuna sakamako, alhali ban ga laifin layin ba.

Malama: Layin ba shi da laifi, ɗan'uwa. Spark ba ya aiwatar da tacewa ko haɗa tebura a lokacin da aka rubuta su, yana tara su ne har sai an nemi sakamako ta show ko count, shi ya sa ɓarnar da aka yi a sama take bayyana a ƙasa. Ka saita PYSPARK_PYTHON ya nuna Python ɗin da kake aiki da shi. Nan gaba kuma ka riƙa gangarawa zuwa "Caused by" na ƙarshe a dogon saƙon, sannan ka duba shafin sa ido a tashar 4040 yayin da aikin yake gudana.

Injiniya: Ai wannan hujjata ce, Malama, domin da a cikin Docker yake, da Python ɗaya zai tarar.

Malama: Da kuma bai taɓa sanin cewa Python guda biyu ake kira ba, sai ranar da ya kai aikin kan rukunin sabobi, wato kwamfutoci da yawa masu aiki tare.

Mai kula da sabobi: Ku yi haƙuri in sa baki. Abin da ya fi damuna ba kuskuren da ke fitowa a kwamfuta ɗaya ba ne, wanda ke ɓoyewa ne, kuma Docker mai akwati ɗaya yana ɓoye shi kamar yadda girkin kai tsaye yake yi. Fayil ɗin da ke faifanka zai buɗu lafiya, amma a rukuni sauran injinan ba su da shi. Haka ma ƙidayar da ake ƙara wa lamba a cikin foreach, umarnin da ke bin bayanai ɗaya bayan ɗaya, wadda a wasu lokuta kan ba da amsa daidai a injin guda, amma a rukuni kowane mai aiwatarwa kwafinsa yake ƙarawa, mai ba da umarni ya ga sifili ba tare da wani gargaɗi ba. Don irin wannan aka tanadi Accumulator, wanda yake haɗa ƙidayar dukan masu aiwatarwa ya miƙa wa mai ba da umarni.

Injiniya: To sai a tayar da akwatuna uku da Docker Compose, mai tayar da akwatuna da yawa tare, shugaba ɗaya da ma'aikata biyu, matsalar fayil ɗin da ta ƙidayar su fito fili tun a kwamfutar mutum. Ma'adana kam za ta sha jiki, wannan ban musa ba.