Musayar Waƙa: Sarki ko Majalisa a Tsohuwar Indiya

Malam Tanko:
Da sunan Allah na buɗe fage,
Tsohuwar Indiya nake son taɓawa.
Wajen 1500 kafin Miladiyya,
Makiyayan Panjab na kaiwa da komowa.
Raja nasu jagoran yaƙi ne,
Arzikinsa shanu, ba ƙasar nomawa.
Littafin addininsu Rigbeda ya ba mu labarin Sudas, sarkin ƙabilar Barata,
Sarakuna goma suka zo karawa.
A bakin kogin Parushni ya tarwatsa su,
Da yawansu sun halaka a ruwa.
Ni na ce sarki ne ya gina ƙasa,
Mai musu, ga fili, ya zo amsawa.

Ladidi:
Malam, a gafarce ni, na karɓa,
Ka yi wa sarki kirarin giwa.
Raja ba ya yanke magana shi kaɗai,
Majalisun sabha da samiti ke zaunawa.

Malam Tanko:
Ladidi 'yata, da gaskiyarki,
Amma biyo ni gabas ki ga canzawa.
Ƙabilun Barata da Puru suka zama Kuru,
Wajen 1200 daula ta soma kafuwa.
Daga baya baƙin ƙarfe ya shigo hannu,
Kurmin kogin Ganga ya sha sarewa.
Gaisuwar da a da ake kai wa raja
Ta zama haraji a wuyan kowa.
A saki doki shekara guda yana yawo,
Mayaƙa na biye suna tsarewa.
Duk ƙasar da ya ratsa ba a tare shi ba,
Ta sarki ce, babu musawa.

Garba:
Baba Malam, ka tsallake Besali, babban birnin ƙasar Bajji,
Can zuciyata take karkatawa.
A ƙarni na 6 kafin Miladiyya, cikin ƙasashe 16,
Bajji da Malla zaure ke mulkawa.
Liccabi, mutanen Besali, su hallara su yi ta muhawara,
Sai baki ya zo ɗaya ake watsewa.
Shakiya, dangin Buda, a Kapilabastu,
Su ma da shawara suke zartarwa.

Ladidi:
Yaya Garba, zauren na manyan dangi ne,
Ba a shimfiɗa tabarma ga talakawa.
Bayi da 'yan ƙwadago masu shuka shinkafa,
Wa ya ji ta bakinsu? Wannan ke min ciwo da yawa.

Malam Tanko:
To ina Besalin? Ajatashatru, sarkin Magada,
Ya tura wazirinsa Bassakara ya yi ta zugawa.
An ce da aka buga gangar taro,
Kowa ya zauna gida, babu fitowa.

Garba:
Baba, ai shaida ka kawo mini,
Da takobi kaɗai ya san ba ya iyawa.
Buda da kansa ya faɗa wa Bassakara:
Muddin suna taruwa, ba su faɗuwa.
Sai da waziri ya shiga tsakaninsu,
Sannan rundunar Magada ta iya tsallakowa.