Agogo mai hannu ɗaya: lalacewa ya yi ko haka aka ƙera shi?

Ɗan Jekadafari:
Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya san kan agogo ya taimaka. Yayana da ke aiki a Apapa ya zo hutun sallah ya bar min wani agogon bango, hannu ɗaya tal gare shi, sama an rubuta High Tide ƙasa Low Tide, lambobin kuma 1 zuwa 5 ne kowane gefe, ba 12 ba 6. Na sa sabon batir na tsai da hannun a sama da sha biyun rana, washegari sha biyu ta yi saura masa kusan awa guda ya iso, bayan sati kuwa sha biyun rana ta same shi yana kallon ƙasa. Uwargida ta ce in ba 'yan gwangwan kawai.

Malamin Bolari:
Kar ka bayar malam, lafiyarsa ƙalau, ba agogon lokaci ba ne, na cikar teku da janyewarsa ne. Wata ne ke jan ruwan teku, shi kuma wata kullum sai ya makara da kamar minti 50 kafin ya dawo inda ka gan shi jiya, to a awa 24 da minti 50 ɗin nan ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu, shi ya sa hannun ke zagaye ɗaya a awa 12 da minti 25. Ka ga wannan minti 50 ita ce awar da kake cewa ya rage. Ka tara ta kwana bakwai ai kusan awa shida ke nan, dole ya kalli ƙasa.

Baban Hajara:
Na yi shekaru a Legas wajen masu jirgin kwale-kwale. Saita shi ba wuya, ka nemi jadawalin cikar ruwa na garin da kake so a intanet, daidai lokacin da aka ce ruwa ya cika ka murɗa ɗan maɓallin da ke baya har hannun ya hau sama, amma kar ka tura hannun da yatsa. An fi so a yi ranar 14 ko 15 ga watan Musulunci lokacin farin wata, ya fi daɗewa bai kauce ba, don rana ma tana nata jan, wasu ranakun za ka ga ya saɓa da ɗan lokaci. Lambobin gefen dama awannin da suka rage ruwa ya gama janyewa ne, na hagu na cikowa. Kuma gari ɗaya yake yi wa aiki, in ka saita na Legas ba zai gaya maka na Kalaba ba.

Autan Pantami:
Hhhh to a Gombe wane tekun za ka auna, Dadin Kowa? Shi wannan sai damina ko an buɗe dam.

Ɗan Jekadafari:
Kai Auta Allah ya shirye ka. Na gode Malam, na gode Baba, zan jira 14 ga wata in saita shi da na Legas, in na ga hannun ya hau sama in kira Yaya ya leƙa bakin ruwa ya gaya min ko gaskiya ne. Uwargida dai ta ce ba a falonta ba.