Neman kalma: me za mu kira astaroyid a rediyo?

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum. Gobe 30 ga Yuni, Ranar Astaroyid ta Duniya, ina da shiri ƙarfe huɗu. Baƙona malamin sakandare ne a Pantami, yana ɗora kyamara a bakin ɗan madubinsa na hangen nesa, ya auna daƙiƙun da tauraro ke ɓacewa idan astaroyid, irin duwatsun nan masu kewaya rana, ya gitta gabansa. Da irin wannan awo ake gane girmansa da hanyarsa. Sau tara kalmar ta fito a rubutuna. Ku agaza.

Anti Malama: Dutsen sama.

Ɗan Jekadafari: Tauraruwa mai wutsiya mana.

Malamin Fizik: A'a, waccan daban ce, ƙanƙara ce da ƙura. Dutsen sama kuma ya fi dacewa da wanda ya riga ya faɗo, irin na Zagami a ƙasar Katsina a 1962. Ni dutsen falaki nake koya wa ɗalibai.

Baba na Wunti: Falaki Larabci ne. Mun gudu daga Bature mun faɗa hannun Balarabe. Shekara biyu ke nan ina cewa ɗan-gararamba, ba mai ji. Da daga Kano ta fito da tuni an buga ta a ƙamus.

Anti Malama: Baba, ai ƙamus ɗin ma Larabci ne.

Baba na Wunti: 'Yata, kada ki sauya zance.

Malamin Fizik: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ba gararamba suke yi ba. An san astaroyid Afofis zai wuce ta kusa da duniya ranar 13 ga Afrilun 2029, tazarar kusan kilomita 32,000, ƙasa da taurarin ɗan'adam masu kawo mana tashoshin talabijin. Kuma da kumbon DART ya daki Dimofos, ƙaramin astaroyid mai kewaya wani babba, a 2022, an lissafa lokacin kewayen Dimofos ɗin ya ragu da kusan minti 32. Mai gararamba wa ya san inda zai kwana?

Ɗan Jekadafari: Ku Bausawa kullum ƙorafin Kano.

Baba na Wunti: Yaro, da Yakubu ya kafa Bauchi, ina Jekadafarin take?

Mai Shirin Kimiyya: Don Allah jama'a, lokaci. Zan ce dutsen falaki, in ambaci astaroyid sau ɗaya a farko. Saura "kare duniya", wato kare ta daga faɗowar astaroyid, wanda a kunne sai ka ce wa'azi.

Baba na Wunti: Yi yadda ka ga dama. Zan kira a shirin, kuma ɗan-gararamba zan ce.