Dinyoyina na kashi ruwa-ruwa, wai ƙofofin ruwan hanjinsu ne suka samu matsala?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dinyoyi takwas gare ni, yau kwana huɗu kashinsu ya koma ruwa-ruwa, kore, da ɗan fari a kai. Kiwonsu suke yi yadda suka saba, ba wadda ta yi laushi. Ƙanena mai karatun kimiyya ya ce wataƙila wani furotin ne, akwaforin, ya yi ƙaranci a hanjinsu. Akwai maganin da ke ƙara shi? Ko in fara ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta?

Malamin ilimin halittu: Wa alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, abin yana nan, amma ba a kwalba ake sayar da shi ba, jiki ne ke ƙera abinsa. Akwaforin 'yar ƙofa ce a fatar ƙwayar halitta, ƙunci gare ta har ruwa ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kamar layi. Peter Agre na Amurka ne ya tabbatar da aikinsa a 1992, bayan ya gano shi a jajayen ƙwayoyin jini, ya kuma samu kyautar Nobel a 2003. Ƙofar ba ta tura ruwa da kanta. Hanji ne ke jan gishiri, ruwa ya bi sawu. In bangon hanji ya kumbura ko ya ƙuje, ruwan sai ya zarce waje.

Ga abin da mutane ke mantawa: dinya ba ta da mafitsara. Fitsari da kashi mafita ɗaya suke bi, farin nan da ka gani shi ne fitsarin. Har ma hanjin yakan maido da fitsarin baya, zuwa wasu jakunkuna biyu da ke kusa da ƙarshensa, ya sake tsotse ruwan.

Wata mai kiwo: Ɗan uwa, kar ka ɗaga hankalinka tukuna. Dinya mai cin ɗanyar ciyawa ba ta kashi busasshe irin na kaza, kuma abinci ba ya daɗewa a cikinta. In ana zafi ta sha ruwa da yawa, sai abin ya ƙaru. Ka ware guda biyu ka shimfiɗa musu kwali su kwana a kai. Da safe ka duba: in kashin yana da jiki, dogo, ruwa ne kawai ya kewaye shi, to yawan fitsari ne. In ya narke gaba ɗaya, wannan zawo ne. Wani lokaci kuma za ka ga mai ruwan ƙasa, mai yauƙi da wari, shi daga jakunkunan nan da Malam ya faɗa yake fitowa, lafiya ce.

Likitar dabbobi: Maganin kashe ƙwayoyin cutar nan dai a dakata da shi, yana iya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani ya ƙara dagula lamarin. Kuma kar a rage musu ruwa don kashi ya bushe, na ga masu yin haka. Abin da zai sa ka nemi likita a ranar: jini a kashi, ƙin cin abinci, sakin fukafukai, gashin gindi ya manne da kashi, ko ɗaya ta mutu. Ƙananan 'ya'ya kuwa ba a jira da su. Ka kai sabon kashi a duba da madubin likita, a ga ko akwai tsutsar ciki ko koksidiya, wata ƙwayar cuta mai kama hanji.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tuna ma ranar da abin ya fara ne na sake su a sabuwar ciyawa bayan ruwan sama. Kwalin na shimfiɗa, gobe zan turo hoto.